Abin da Na Gani a Bayan Kanta

Bahaushe ya ari kalmar kanta daga bakin Bature tun zamanin cinikin gyaɗa, ya riƙe ta har ta zama tasa. Yau in ka ce kanta ba mai tambayarka fassara: dogon katakon nan ne da ke raba mai saye da mai sayarwa a kanti, ko mai ajiya da kashiya a banki, ko mai kawo ƙara da ɗan sanda a caji ofis. Ni kuwa yawancin rayuwata a bayan irin wannan katako ta ƙare, kuma tun ina ɗan makaranta aka nuna mini cewa kalmar da muka aro ɗin, counter, ta baro dangi masu yawa a gida, waɗansu ma'abota lissafi, waɗansu ma'abota jayayya. Tun da na ajiye aiki nake yawan juya al'amarinta a raina, domin abin da ta ƙunsa shi ne sana'ar da na iya, sana'ar kuma tana ƙarewa a kan idona.

Kantar da na fara sani ta kawuna ce, a wani ɗan shago da ke Fagge, ba nisa da Kantin Kwari, wajen ƙarshen shekarun 1950. Katakon maɗaci ne mai kauri, hannayen mutane sun goge shi har ya yi baƙi yana sheƙi. A gefenta na ciki an kafa ƙusoshin tagulla uku, ta farko, ta rabin yadi da ta yadi, don Kawu ba ya awo da tef. Idan tela ko dillaliya suka zo yankan akoko ko alawayyo, sai ya warware bandir, ya ja bakinsa daga ƙusa zuwa ƙusa yana ƙirgawa da ƙarfi yadda mai saye zai ji, ya ƙara faɗin yatsa biyu gyara, ya ɗan ɗana almakashi, sannan ya keta da hannu, ƙyaat. Kayan daga manyan kantuna yake saro su, na UAC da John Holt da na Kwarori, inda kantocin suka fi ni tsayi, sai na yi ɗage nake hango akawu.

Ciniki a wurin nan gaba da gaba ake yin sa. Mai saye ya taya, Kawu ya ce albarka, a ƙara, ya sake cewa albarka, mai saye ya juya zai tafi, a kira shi, har dai a kai ga "na sallama". Daga nan sai kuɗi su zube a kan katako: siloli, sisi, taro, da kwabbai masu huda a tsakiya. Kawu ba ya ɗaukar su ɗaya-ɗaya. Yatsunsa yake bazawa ya riƙa janyo su biyar-biyar zuwa gefe, ya ce haka ya ga mahaifinsa yana ƙirga wuri. Da na girma na karanta cewa Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya tarar ana ba da wuri 2,500 a kan dalar azurfa guda, kuma wurin ƙasar Hausa ba a shirya shi a zare, sai an zube an ƙirga da hannu. Wanda ya gaji irin wannan aiki ai yatsunsa ba sa jiran ƙwaƙwalwa.

Doka ɗaya ce Kawu ba ya sassautawa: ba ya rufe durowa sai mai saye ya ƙirga canjinsa a gabansa. Na sha jin wata tsohuwa mai dillancin zannuwa tana ce masa, "Haba Alhaji, yau na fara zuwa? Ai na yarda da kai." Shi kuma ya ce, "Na sani, Iya. Ƙirga abinki dai, don ni da ke mu yi barci." Sai ta zauna a kan benci ta ƙirga kafin ta ƙulle a bakin zane, shi yana tsaye yana jira, ko da kuwa wasu sun taru a bayanta.

Ina sakandare aka yi juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a cikinsa. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka mayar da martani, aka kashe Janar Ironsi a Ibadan tare da mai masaukinsa, Laftanar Kanar Fajuyi, Gawon ya hau mulki. Abin da ya faru a Sabon Gari da sauran garuruwan Arewa a wannan shekara ba abin da mutum zai tuna da sanyin rai ba ne. An kashe Ibo da yawa waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sauran suka tattara suka tafi. Da na zo gida hutu aka aike ni gidan waya, na tarar akawunan da na saba gani a bayan kanta, waɗanda suka san Kawu, suke tsokanata da Hausarsu, babu su. Haka tashar jirgin ƙasa. Har yau in na tuna kujerun nan da ba kowa a kai sai gabana ya faɗi.

Jaridun Turanci suka riƙa kiran juyin na biyu counter-coup. Wata rana wani ɗan ajinmu, shi ma ɗan mai kanti, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya haɗa kanta da sojoji?" Ba wanda ya yi dariya, lokacin ba na dariya ba ne. Malaminmu na Turanci wani dattijo ne mutumin Saliyo, ya yi karatun Latin tun yana yaro. Ya ajiye littafin da ke hannunsa, ya ɗauki alli, ya je ƙarshen allo na hagu ya rubuta computare, ya taka har ƙarshensa na dama ya rubuta contra, sannan ya juyo ya ce, "Yarana, kalma biyu kuke gani a riga ɗaya."

Ta hagun ita ce uwar ƙirga. Asalin putare, tushen kalmar, a bakin manoman Roma shi ne datse rassan inabi, a cire busassu a bar masu rai. Daga nan suka riƙa faɗar ta ga tsabtace lissafi, a share abin da ke tsakanin mai bin bashi da wanda ake bi. Da aka manna mata com, mai nufin haɗawa, sai ta zama tara lissafi wuri guda. Ta daman kuwa tana nufin abin da ke daura da kai, wanda ya tsaya yana fuskantarka ko yana ja da kai. Dukansu sun bi ta bakin Faransawa, ɗaya ta zama conter, ɗaya ta zama contre, kuma dukansu sun ƙetara teku zuwa Ingila bayan 1066, shekarar da William na Normandi ya ci ƙasar da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da baitulmali har tsawon ƙarnuka. Mutanen Ingila suka yi ta tauna su har suka fito da sauti ɗaya da rubutu ɗaya. Takwarori ne kawai, irin Audu biyu a unguwa ɗaya, ɗaya ɗan gidan liman, ɗaya ɗan gidan sarkin fawa, wasiƙar wannan takan faɗa hannun wancan.

Daga ta hagun aka samu akanta, aka samu kwamfuta, wadda a lokacin sunanta kawai muke ji. Daga ta daman aka samu juyin mulkin da ya jawo tambayar, aka kuma samu country, wadda asalinta ƙasar da ke shimfiɗe a gaban mai kallo. Malam ya jima da alli a kan wannan ta ƙarshen, a shekarar da ƙasar tamu ke neman tsagewa, bai ƙara komai ba.

Masana sun yi gaskiya, asalin daban ne, sauti ne ya gama su. Amma ni da na tashi a shagon Kawu ban ga baƙon abu a haɗuwarsu ba. Lissafin da na sani duk na mutum biyu ne, ɗaya yana ƙirgawa, ɗaya yana tsaye daura da shi da ikon cewa "ban yarda ba, a sake". Da na bi tarihin teburin kansa daga baya, a littattafan da nake arowa a laburare, na tarar haka abin yake tun can.

Romawa da magadansu na Turai ba su da sifili, lambobinsu kuma haruffa ne, irin waɗanda har yau muke gani a fuskar wasu agogunan bango. Da su ana iya rubuta jimla, amma tarawa da ɗebewa a kan takarda wahala ce. Saboda haka sai su ja layuka a kan tebur, layin ɗaiɗai, layin goma-goma, layin ɗari-ɗari, su riƙa tura tsakuwoyi daga wannan zuwa wancan. Romawa na kiran tsakuwar calculus, daga nan kalkuleta ta samo suna. Daga baya aka bar tsakuwa aka koma ƙera 'yan ƙwandaloli na tagulla masu kama da kuɗi amma ba kuɗi ba. Birnin Nuremberg na Jamus ya yi suna da wannan sana'a a ƙarni na 16, maƙeransa irin su Hans Krauwinckel suna buga su da yawa ana fatauci da su zuwa ƙasashe, har yau masu tono suna tsintar su a gonakin Ingila da cikin lakar kogin Thames. Kowace ƙwandala sunanta counter, mutumin da ke tura su counter, teburin da ake turawa a kai shi ma counter. Da aka daina tura ƙwandala, sunan ya tsaya a kan teburin ɗan canji da na ɗan kasuwa, ya bi jiragen ruwa da jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911, har ya sauka a Fagge.

Lambobin da muke amfani da su yau daga Indiya suka fito, suka bi ta hannun Larabawa. Al-Khwarizmi ya yi rubutu a kansu a Bagadaza a ƙarni na 9, wani ɗan fatake kuma mai suna Leonardo na Pisa, wanda ake kira Fibonacci, ya koye su a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya gabatar da su ga 'yan kasuwar Italiya a littafinsa na 1202. Ba a rungume su nan take ba. A 1299 ƙungiyar 'yan canji ta birnin Florence ta hana membobinta rubuta littattafan lissafi da su. Duk wanda ya taɓa riƙe leja zai gane tsoronsu: da ɗan jan alƙalami sifili yake komawa shida ko tara, shi ya sa har yanzu muke rubuta adadin kuɗi a cek da lamba kuma da kalmomi. Ban da haka, lissafin alƙalami a cikin kan mai yin sa yake, na tebur kuwa a fili yake. Ko wanda bai iya karatu ba yana ganin ƙwandala ta tashi daga wannan layi ta koma wancan.

Teburin da ya fi kowanne shahara shi ne na baitulmalin sarkin Ingila, wanda ya kafu a zamanin Sarki Henry na Ɗaya, mai mulki daga 1100 zuwa 1135. Richard FitzNeal, ma'ajin Sarki Henry na Biyu, ya bar bayaninsa dalla-dalla wajen 1179. Tsawonsa ƙafa goma, faɗinsa ƙafa biyar, an ɗan ɗaga gefunansa don kada abu ya gangaro, an shimfiɗa masa baƙin ƙyalle mai layuka: gidan kwabo, gidan sule, gidan fam, gidan fam ashirin, na ɗari, na dubu. Saboda ƙyallen ya yi kama da allon darar Turawa aka sa wa ofishin suna Exchequer, kuma har gobe da wannan suna ake kiran muƙamin ministan kuɗin Birtaniya. Sau biyu a shekara, lokacin Ista da kuma ƙarshen Satumba, hakiman larduna, waɗanda suke kira sheriff, za su zo su zauna gaban ma'aji da manyan fada. A jera ƙwandalolin abin da ake bin mutum, a jera na abin da ya kawo a ƙarƙashinsu, a ɗebe, kowa yana kallo. FitzNeal da kansa ya kwatanta zaman da karawar dara tsakanin ma'aji da hakimi.

Rasit ɗinsu kuwa sanda ne. A samo ɗan reshe, yawanci na itacen da suke kira hazel, a sassaƙa masa tsaga gwargwadon kuɗin: fam dubu faɗin tafin hannu, fam ɗari faɗin babban yatsa, fam ashirin faɗin ƙaramin yatsa, fam ɗaya kaurin ƙwayar sha'ir, kwabo ɗan karce kawai. Sai a tsage sandan a tsaye yadda kowace tsaga za ta fito a ɓari biyun, mai biya ya tafi da dogon ɓarin, gajeren ya zauna a ofis. Ba yadda ɗaya zai ƙara ko ya rage a nasa ba a gane ba, domin ranar hisabi sai an haɗa ɓarin biyu, jijiyar itacen kuma ba ta dacewa da wani ɓari sai ɗan'uwansa. Gajeren nan shi ne kakan counterfoil, abin da mu muke kira gindin rasit.

Shi ne aikina na farko. A farkon shekarun 1970 na kama aiki a baitulmalin wata En'e, aka danƙa mini littafin rasit da takardar kabon. Bayan kaka, lokacin haraji, malamin haraji na gunduma zai zo da dagatai da dogari, ana sauke buhunan kuɗi. Ma'aji yana ciki, su suna waje, kanta a tsakani. A zube siloli, a tayar da su ashirin-ashirin, kowane tsibi fam guda, in sun kai fam ɗari a ɗaure jaka. Wata rana kuɗin wani dagaci, dattijo mai furfura har gira, suka gaza da sule bakwai. Gumi ya karyo masa. Ya ce, "Ma'aji, ni da hannuna na ɗaure bakin buhun nan." Ma'aji ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ranka ya ɓaci. Mu mun ƙirga, yanzu ku ƙirga mu gani." Aka rushe tsibin duka, malamin haraji ya ƙirga muna kallo, ni kuma ina karanta gindin rasit ɗaya bayan ɗaya ana bin sunayen masu biya. Takarda ta cika, kuɗi ba su cika ba. Sai dogari ya ɗauki buhun ya juya cikinsa waje, ga silolin nan bakwai sun maƙale a ƙarƙashin wani faci da aka yi wa kusurwarsa. Dagaci ya ɗaga hannu ya yi hamdala, Ma'aji ya sa hannu, shi ma ya dangwala. Daga farko har ƙarshe ba wanda ya kira wani ɓarawo, domin tsarin da kansa ya tanadi wurin jayayya, ba sai an taɓa mutuncin kowa ba. Mu kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ke kusa da ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka.

Duk abin da ke ofishin nan bibbiyu ne. Asusun ƙarfe makulli biyu gare shi a hannun mutum biyu. Boca ba ta fita sai da sa hannu na biyu, wanda Turawa ke kira countersign. Odita yakan sauka ba sanarwa da koren alƙalaminsa, ya bi lejarmu layi-layi yana gwama ta da gindin rasit. A can baitulmalin Ingila ma haka ne. Lissafin shekara a kan fatun tumaki ake rubuta shi a naɗe, mafi daɗewa da ya rage shi ne na 1130, daga baya kuma aka riƙa sa wani magatakarda daban ya rubuta kwafi na biyu don a riƙa gwamawa. Irin wannan kwafi shi ake kira contre-rolle, wato naɗin da ke daura da naɗi, daga nan control ta fito, mai riƙe da shi kuma controller. Wajen ƙarni na 15 wasu marubuta suka zaci farkon kalmar daga compte ta Faransanci yake, mai nufin lissafi, sai suka koma rubuta ta comptroller. Rubutun nan ya zauna daram, shi ne har yau a kan muƙamin Kwanturola Janar na kwastam da na hukumar shige da fice a Nijeriya. Kalma ce ta ɓangaren jayayya da aka ba ta rubutun ɓangaren ƙirga, kuma aikin da take nufi ya cancanci duka biyun.

Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam. Fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, lejarmu ta koma gida biyu maimakon uku. Lissafi ya yi sauƙi ƙwarai, ba sauran raba kwabbai da goma sha biyu da siloli da ashirin. Jaka dai ta ƙi tafiya, ta koma naira ɗari biyu a bakin 'yan kasuwa. Gidajen nan uku da muka rufe a wannan rana su ne dai na baƙin ƙyallen FitzNeal.

Akwai kuma kantar da ba wanda ke son ya san bayanta. In aka ce an sa wane a bayan kanta, kowane Bahaushe ya san caji ofis ake nufi. A tsohon birnin Landan ma akwai gidajen yari da ake kira Counter ko Compter, irin na Poultry da na Wood Street, suna ƙarƙashin sheriff ɗin birnin, galibin waɗanda ke ciki kuma mutanen da bashi ya ci ne. Sunan daga tushen ƙirga ya fito. Katakon da ke haɗa mutum biyu yana iya zama katanga idan duk ƙarfi ya koma gefe ɗaya, kuma na ga hakan da idona a ofisoshi, inda talaka zai wuni tsaye da takarda a hannu, na ciki ko ɗaga kai ba ya yi. A Amurka abin har launin fata ya shiga. Ranar 1 ga Fabrairu 1960, shekarar da muka samu 'yancin kai, ɗalibai huɗu baƙar fata suka shiga kantin Woolworth na garin Greensboro a jihar Karolina ta Arewa, suka zauna a kantar cin abinci da aka keɓe wa farar fata, suka nemi a ba su kofi, aka hana, suka ƙi tashi. Kashegari suka dawo da ƙarin mutane, zaman ya bazu zuwa garuruwa da dama, kafin ƙarshen Yuli kantin ya sauka daga matsayinsa. Wani yanki na kantar nan yanzu yana gidan tarihi na Smithsonian a Washinton. Ina girmama yaran nan, domin abin da suka nema shi ne abin da tsohuwar nan mai dillanci take samu kyauta a shagon Kawu, wato a tsaya da kai a matsayin mutum.

Sauran dangin kalmar ba su shafi aikina ba, amma ina jin daɗin saninsu. Baduku a Ingila yana kiran taurin da ake sa wa dunduniyar takalmi counter. Masu ɗab'i suna kiran ramin da ke cikin harafin o ko b da sunan. Mafarauta sukan faɗe ta ga karen da ya bi sawun nama ta baya, yana nufar inda ya fito maimakon inda ya tafi. Na'urar da Hans Geiger ya fara haɗawa a Manchester a 1908, ya kuma inganta ta tare da Walther Müller a 1928, ita ma counter ce, tana ƙirga ƙwayoyin da ido ba ya gani. Jabun kuɗi, wanda muka yi ta ɗaga shi ga hasken taga muna dubawa, sunansa counterfeit, abin da aka ƙera daura da na gaske.

Jikokina sun sake aro kalmar a karo na biyu, da sabon lafazi. Ɗan ƙaramin carbin nan mai batir da ake sawa a yatsa, wanda kakarsu take dannawa bayan salla, kaunta suke ce masa. In kuma suna kallon ƙwallo aka ƙwace wa abokan karawa aka zura da gudu, sai ka ji sun yi ihu, kaunta ce. Na farkon daga hagun allon Malam ya fito, na biyun daga dama.

Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi. Na ga mutane sun wuni a layin banki don karɓar albashin wata, yau kuwa yarinya a ƙarƙashin lema da na'urar POS tana sallamar mutum kafin ya gama gaisuwa, injin ƙirga kuɗi kuma ya fi yatsun Kawu sauri nesa ba kusa ba. Abin da nake kewa shi ne mutum na biyu. Kantocin bankuna an sa musu gilashi, injin ya yi furr ya nuna lamba, a miƙo maka ta ƙasan gilashi, na bayanka yana ƙorafin kana ɓata lokaci in ka tsaya ƙirgawa. Wata rana na tura wa wani kuɗi ta waya, aka cire a wurina, bai shiga wurinsa ba. Na je inda ya kamata, yaron da ke bayan gilashi ya gaishe ni da ladabi ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, netwok ne, zai dawo." Kuɗin sun dawo daga baya. Amma a kwanakin da ke tsakani ba ni da abin da zan ajiye a kan kanta in ce a gwama, domin lejar tasu ce, kwafin ma nasu ne, ɓarin sandan biyu duk suna hannu ɗaya. Shi ma yaron allon kwamfuta yake kallo, ba shi da ikon cewa a sake.

Mutanen Ingila ma sun daɗe kafin su saki sandunansu. An yi dokar soke su a 1783, amma ba a daina amfani da su ba sai 1826. Tsofaffin suka taru a fadar Westminster, inda majalisar dokoki take zama, har aka ba da umarnin a ƙone su. Ranar 16 ga Oktoba 1834 ma'aikata biyu suka wuni suna cusa sanduna cikin amalanke biyu a murhun da ke ɗumama zauren majalisar dattawa daga ƙasa. Bututun hayaƙin suka yi zafi fiye da kima, da magariba wuta ta tashi. Zauren dattawa da na wakilai duk suka ƙone, tsohon babban zauren Westminster ne aka samu aka ceto, jama'a suka cika gadoji da bakin kogi suna kallo, mai zane Turner yana cikinsu. Ginin da aka tayar a gurbin, wanda Charles Barry ya tsara, shi ne mai hasumiyar agogon nan da ake nunawa a talabijin, ƙararrawarsa kuma, Big Ben, ta fara bugawa a 1859, ita ce wadda ake ji a rediyon BBC.